Mako Guda a Birnin Stockholm Tare da Iyali: Abin da Ya Kamata a Shirya Tun Daga Gida



A wurin taron Sallah mutum huɗu ne suka tare ni da tambaya iri ɗaya, wai sun ji mun kai yara hutu ƙasar Suwidin, yaya aka yi, kuma ko aljihun mai iyali zai ɗauka. Tun da ba kowa zan iya zaunarwa in yi wa bayani ba, na ga ya fi in rubuta abin da na sani a wuri ɗaya. Sau biyu na je Stockholm, babban birnin ƙasar. Na farko ni kaɗai a Yunin 2019 don wani taro na wurin aiki, na biyu kuma a ƙarshen Agustan 2024 tare da maiɗakina da yaranmu uku, muka yi kwana bakwai. Abin da na fahimta shi ne, daɗin wannan tafiya ko wahalarta tun a gida ake yanke shi, a kan fasfo, da watan da aka zaɓa, da masauki. Wuraren kallo ba su da wuyar tsarawa. Sunayen unguwanni da tashoshi na bar su yadda za ku gan su a allunan hanya, don kada in ɓatar da wani.

Takardu tukuna, kafin tikiti

Suwidin ta shiga Tarayyar Turai a 1995, tana kuma cikin yankin Schengen. Mai fasfon Birtaniya ko na Amurka ba ya buƙatar biza in zamansa bai wuce kwana 90 cikin kwana 180 ba. Wanda ke zaune a Jamus ko Faransa ko Italiya da takardar zama mai aiki, shi ma sai ya ɗauki fasfonsa da takardar ya tafi. Amma mai fasfon Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan da ke zaune a Ingila, dole ya nemi biza, ko da ya shekara ashirin a nan yana da izinin zama na dindindin.

A gidanmu fasfo huɗu na Birtaniya ne, ɗaya kore, na maiɗakina. Kuskuren da na yi shi ne na sayi tikitin jirgi na biya masauki, sa'an nan na fara neman ranar miƙa takardunta. Lokacin hutun makaranta kowa na nema, ranar da na samu ta yi kusa da tafiya ƙwarai, kuma bizar ba ta fito ba sai saura kwana shida mu tashi. Allah kaɗai ya san irin kallon da na sha a gida cikin makonnin nan. Doka ta yarda a nemi biza tun tafiya tana saura wata shida, to ku yi amfani da damar. Tun Yunin 2024 kuɗin bizar babba Yuro 90 ne, yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12 Yuro 45, na ƙasa da shida kyauta. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, da shaidar masauki, da tikitin dawowa, da takardun banki.

Masu fasfon Birtaniya ma kada su saki jiki. Fasfo dole ya kasance bai kai shekara goma da fitowa ba ranar shiga, kuma yana da sauran wata uku bayan ranar dawowa. Na yara shekara biyar kawai yake yi, shi ne aka fi mantawa. Tun Oktoban 2025 kuma aka fara sabon tsari a iyakokin Schengen na ɗaukar hoton fuska da tambarin yatsun baƙi, don haka a sa ran layi a filin jirgi.

Ga kuma magana ga iyayenmu mata masu ƙulla guzuri. Tun Janairun 2021 an hana shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko madara da dangoginsu daga Birtaniya. Kilishi da dambun nama da man shanu su zauna a gida. Yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa mun tafi da su.

Watan da za a zaɓa, da zancen salla

Wannan shi ne abin da littattafan yawon buɗe ido ba za su gaya maka ba. Stockholm tana can arewa sosai, kusan daidai da tsibiran da ke saman Sikotland. A wajen 21 ga Yuni rana tana fitowa da misalin uku da rabi na dare, ba ta faɗuwa sai bayan goma. A Disamba kuwa akasin haka ne, hasken yini wajen sa'a shida ne kawai, kafin ƙarfe uku na yamma an yi magariba. Daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta sama ba ta yin duhu sosai, kuma a tsakiyar wannan lokaci shafaƙi ba ya ɓacewa har alfijir ya keto. Mu na Ingila mun san wannan matsala ta isha'i a 'yan makonnin Yuni da Yuli, to can ta fi tsawo kuma ta fi tsanani. A shekarun 2015 zuwa 2017 da azumi ya faɗo a Yuni, Musulmin can sun yi ta azumin kusan sa'a ashirin.

A tafiyata ta farko na ga abin da idona. Na yi magariba bayan goma, na zauna jiran isha'i ina gyangyaɗi, na ɗan kwanta sai ga asuba, kafin barci ya sake ɗaukata rana ta cika ɗakin. Kwana uku na yi kamar mai jinya. Ranar Juma'a kuma na fita neman abinci na tarar gari wayam, ashe jajiberin bikinsu na tsakiyar bazara ne, Midsommar, wanda kullum yake faɗowa Juma'ar da ke tsakanin 19 da 25 ga Yuni. Mutane suna ficewa ƙauye, shaguna da yawa a rufe.

Shi ya sa nake ba da shawarar kwana goman ƙarshe na Agusta. Yaran Ingila suna hutu har lokacin, na Suwidin kuwa sun koma makaranta, cunkoso ya ragu. Rana tana fitowa wajen biyar da rabi, ta faɗi wajen takwas, isha'i ta dawo lokacin da mutum zai iya jira. Jiragen ruwan bazara suna aiki har yanzu. Da rana akwai ɗumi, da yamma iska tana da sanyi, a tafi da rigar sanyi da ta ruwa ga kowa. Wanda ya zame masa dole ya je a Yuni ko Yuli, ya bi jadawalin masallacin gari, kada ya dogara da manhajar wayarsa, domin kowace manhaja da irin lissafinta a irin waɗannan wurare. Akwai malaman Turai da suka ba da fatawar haɗa magariba da isha'i a wannan lokaci saboda wahala. Ni ba malami ba ne, a tambayi liman kafin a tashi. A tambaye shi kuma zancen ƙasaru, domin a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muka tashi a kai, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari cika sallarsa zai yi, mako guda kuwa ya wuce haka.

Alƙibla can kudu maso gabas take, ta fi karkata kudu fiye da yadda muka saba a Ingila. Mu da muke cewa a fuskanci gabas, to a Stockholm wanda ya fuskanci gabas ya saki hanya.

Masauki, kuɗi da abinci

Masauki ne ya ci kaso mafi girma na abin da muka kashe. Ga mai yara, ɗaki mai madafa ya fi otal nesa ba kusa ba, domin cin abinci a waje sau uku a rana ga mutum biyar shi ne ke karya aljihu a garin nan. Ba sai a tsakiyar gari ba. Duk inda yake kusa da tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, wadda za ku gane da babban harafin T, ya wadatar. A tambaya ko tagogin suna da labule mai kauri.

Ƙasar ba ta amfani da Yuro, sun ƙi shi a ƙuri'ar raba gardama ta 2003. Kuɗinsu krona ne, amma kada ku canza da yawa. Shaguna da gidajen shayi da gidajen tarihi da yawa ba sa karɓar tsabar kuɗi sam, bas ma haka, har ban ɗakin haya da kati ake biya. A tafi da katin banki biyu, a hannun mutum biyu. Za ku ga an rubuta Swish a wurare, wannan na masu asusun banki ne a ƙasar, bai shafe ku ba.

Mun riƙa sayen kayan abinci a Lidl da Willys, sun fi ICA da Coop sauƙi a yadda na gani. Ruwan famfo ana sha, yana da kyau ƙwarai, kowa ya riƙe gorarsa. In za a ci a waje, a ci da rana a ranakun aiki, lokacin da gidajen abinci suke sayar da abin da suke kira dagens lunch a farashi mai rangwame. Kalmomin da ya kamata kowa ya haddace su ne fläsk, gris da skinka, duk naman alade suke nufi. Ƙwallayen naman nan nasu da suka yi suna, köttbullar, galibi haɗin naman shanu ne da na alade, a tambaya kafin a saya wa yaro. Alewarsu ma da yawa tana da gelatin. Kifi kuwa sai wanda ka zaɓa.

Naman halal ana samu a kasuwar Hötorgshallen da ke tsakiyar gari, da unguwannin Rinkeby, Tensta da Skärholmen inda 'yan Somaliya da Larabawa da Turkawa suke da yawa. Sai dai ku sani, tun 1937 dokar ƙasar ta hana yanka dabba ba tare da an sumar da ita ba. Don haka naman halal ɗin ko dai an sumar kafin yanka, ko daga waje aka shigo da shi. Wanda abin ya dama ya tambayi mahauci, za su gaya maka gaskiya. A jefa ƙaramar buta a jaka, da abin haɗa wuta mai baki biyu, domin soket ɗinsu ba irin na Ingila ba ne.

Shiga gari da zirga-zirga

Daga Landan tafiyar sa'a biyu da rabi ce, agogonsu yana gaban na Ingila da sa'a ɗaya. Babban filin jirgi Arlanda ne, kilomita 40 arewa da birni. A duba tikiti da kyau, domin akwai wani fili, Skavsta, da shi ma ake laƙaba wa sunan Stockholm alhali yana nesa da kusan kilomita 100. Jirgin ƙasa na Arlanda Express minti 18 yake yi zuwa tsakiyar gari, amma da tsada. Mu bas mai lamba 583 muka hau zuwa Märsta, daga nan jirgin ƙasa na gari ya kai mu.

A sayi tikitin kwana bakwai na SL, hukumar sufurin yankin. Yana aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa, da bas, da taragon titi, da wasu jiragen ruwa. Yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai kyauta yake hawa tare da babba. Birnin a kan tsibirai 14 yake zaune, da gadoji fiye da hamsin, a daidai inda tafkin Mälaren ya haɗu da tekun Baltik, saboda haka hawa jirgin ruwa can kamar hawa bas ne.

Yadda muka raba makon

Asabar muka sauka, Asabar muka taso. Dokar da na kafa ita ce babban wuri ɗaya a rana, sauran lokacin yawo da hutu. Sauri ya haifi nawa, musamman da yara. A lura gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ran Litinin, don haka ranar muka ba wa ruwa: muka hau jirgi zuwa Vaxholm, ƙofar tarin tsibiran nan kusan 30,000 da ke gabas da birni, muka dawo ta bas mai lamba 670.

Lahadi ta tsohon gari ce, Gamla Stan, inda birnin ya faro a wajen 1252. Lunguna ne na dutse, ɗaya daga cikinsu faɗinsa santimita 90 kawai. Nan fadar sarki take mai ɗakuna fiye da 600, ana sauya masu gadi da faretin soja da tsakar rana, kallon kyauta ne. Kada a sayi abinci ko tsaraba a babban lungun masu yawon buɗe ido, rabin yini ya isa.

In kwana ɗaya kawai mutum yake da shi, to ya je tsibirin Djurgården ya ga Vasa. Jirgin ruwa mai lamba 82 daga Slussen yana kai mutum da tikitin SL. Vasa jirgin yaƙi ne na katako da Sarki Gustav Adolf ya sa aka ƙera, tsawonsa mita 69, da igwa 64. Ranar 10 ga Agustan 1628 aka sake shi a gaban jama'ar gari, ya yi tafiyar da ba ta wuce mita 1,300 ba, iska ta ɗan kaɗa, ya karkata, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse. Mutum wajen talatin suka mutu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne an san da matsalar. Kafin ranar an gwada shi, aka sa mutum talatin suna gudu daga wannan gefe zuwa wancan, bayan zagaye uku aka tsayar da su don jirgin yana neman kifewa. Samansa ya yi nauyi, ƙasansa ba shi da isasshen faɗi. Amma sarki yana fagen yaƙi yana ta aiko da saƙon a yi sauri, babu wanda ya iya cewa a dakata. Aka yi bincike daga baya, ba a hukunta kowa ba. Babban ɗana ya dube ni ya ce, “Baba, ashe su ma suna yi.” Shekara 333 jirgin ya yi a ƙarƙashin ruwa kafin a ɗago shi a 1961, kuma bai ruɓe ba saboda ruwan Baltik ba shi da gishirin da tsutsar da ke cin katako take so. Kusan dukkan abin da za ku gani na asali ne. 'Yan shekara 18 zuwa ƙasa ba sa biya. A je da safe, kuma a sa riga mai kauri, cikin ginin da sanyi.

A tsibirin dai akwai Skansen, wanda aka buɗe a 1891. An kwaso tsofaffin gidaje da rumbuna da shaguna kusan 150 daga sassan ƙasar aka sake kafa su a kan tudu, ga kuma dabbobin arewa irin su wata ƙatuwar barewa mai faffaɗan ƙaho da suke kira älg. Yini guda yake ci, kada a haɗa shi da Vasa. Maiɗakina ta daɗe a wani ɗakin manoma mai ɗaki ɗaya da murhu, ta ce ashe talauci ba mu kaɗai muka san shi ba.

Ran Alhamis da safe muka je Stadshuset, zauren birni da aka gama a 1923, inda ake walimar kyautar Nobel kowace 10 ga Disamba. Da jagora kawai ake shiga. Na tuna wa yara cewa a 1986 Wole Soyinka ya zo garin nan ya karɓi ta adabi. Ta zaman lafiya kuwa a Oslo ake ba da ita. Da rana muka wuce Historiska museet, gidan tarihin ƙasa, wanda mutane da yawa suke tsallakewa, ni kuwa nake ganin bai kamata Musulmi ya tsallake ba. A ƙarni na tara da na goma mutanen arewacin nan, wato Viking, suna bin kogunan Rasha suna ciniki da ƙasashen Musulmi, kuma an tono dubban dirhamin azurfa masu rubutun Larabci a ƙasar Suwidin, da yawansu bugun Samarkand da Tashkent. A tsibirin Gotland kaɗai, a 1999, an tono wata taska mai tsabar kuɗi fiye da 14,000, akasarinsu dirhami. A Birka, tsohon garin kasuwa da ke cikin tafkin Mälaren, an samu zoben azurfa a kabarin wata mata, wanda wasu masana suka karanta sunan Allah a jikinsa, wasu kuma suka ja. Yaro ya tsaya gaban gilashi ya karanta kalmar shahada a kan kuɗin da ya shekara dubu a ƙasar Turawa, wannan ya fi darasin aji. Birka ita kanta tafiyar sa'a biyu ce a jirgin ruwa, a bazara kawai. Mu ba mu je ba, yara sun gaji.

Juma'a da masallaci

Babban masallacin gari yana Södermalm, a sauka tashar Medborgarplatsen a kan koren layi. Tsohuwar tashar wutar lantarki ce ta 1903 da aka mayar masallaci aka buɗe a 2000, yana ɗaukar mutum wajen dubu biyu, da wurin mata. Yana cika maƙil, a je da wuri. Akwai wani a Fittja a kan jan layi, inda a 2013 aka fara kiran salla daga hasumiya a ƙasar.

Na san abin da ke ran wasu. A gaban wannan masallaci ne aka ƙona Alƙur'ani ranar Babbar Sallah, 28 ga Yunin 2023, da izinin taro daga 'yan sanda. Akwai 'yan uwa da suka ce mini saboda haka ba za su kai kuɗinsu ƙasar ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mu ma mun yi ta shawara a gida. Abin da zan iya shaida kawai shi ne, cikin kwana bakwai maiɗakina da 'yarmu suna yawo da hijabi babu wanda ya ce musu kanzil. Mutanen ba su da yawan magana da baƙo, amma in ka yi tambaya za su amsa da Turanci mai kyau.

Bayan salla muka taka zuwa Monteliusvägen, wata 'yar hanya a bakin tudu da ake hango birnin gaba ɗaya, ba a biyan ko kwabo. Daga nan muka yi yawon tashoshin shuɗin layi, T-Centralen da Rådhuset da Kungsträdgården da Solna centrum, waɗanda aka fafe cikin dutse aka yi musu zane. Tikitin da ke hannunka ya isa. Wanda yake da sauran ƙarfi ya ƙara da fadar Drottningholm, inda sarki yake zaune tun 1981, ko garin Uppsala mai jami'ar da aka kafa a 1477, tafiyar minti 40 a jirgin ƙasa.

Abu ɗaya da ba na so in manta. Suwidin ce ƙasa ta farko a duniya da ta haramta dukan yara, tun 1979, kuma ba da wasa suke ɗaukarsa ba. Ɗan marin nan ko jan kunne da wani yake ganin tarbiyya ce, in aka gani a titi ko cikin jirgi ana iya kiran hukuma. A kiyaye. A kuma riƙe hannun ƙanana kusa da hanyar masu keke, domin ba sa tsayawa, kuma motoci ta dama suke bi.

Lambar gaggawa 112 ce, ta shawarar lafiya 1177, kantin magani kuma apotek ake rubutawa. Mazauna Birtaniya su nemi katin GHIC ga kowa kafin tafiya, kyauta ne, amma ba ya maye gurbin inshora. Nijeriya tana da ofishin jakadanci a Stockholm in fasfo ya ɓace, Allah ya kiyaye. A ajiye hoton kowane fasfo a waya, da kwafi a jakar da ba ta fasfon ba.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Wassalam.